Me Ya Sa Laftof Ke Ɗaukar Zafi, Kuma Ta Ina Ake Fara Gyara?

Wanda ya fara da wayar hannu kafin ya mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof, yakan taho da ɗabi'un waya. Ana kwanciya da waya a gado, a jingina ta da filo ana kallon fim, a bar ta tana caji a kan katifa, iyakacinta ta yi ɗumi. Yawancin wayoyi ba su da fanka, wutar da suke ci kaɗan ce, jikinsu kawai ya isa ya fitar da zafin. Laftof ba haka take ba. Ƙwaƙwalwarta, wadda ake kira furosesa, an ƙera ta ne a kan cin wat 15 a siraran laftof na ofis, ko wat 45 a manya na wasanni da haɗa bidiyo, kuma kusan duk wutar da ta ci zafi take komawa. Dole wannan zafin ya samu hanyar fita. Idan bai samu ba sai fanka ta fara kuka, aiki ya yi nauyi, wata rana kuma allo ya ɗauke a tsakiyar aikin makaranta ko bidiyon kwastoma da ba a ajiye ba.

Hanyar da zafi ke bi ya fita

Idan aka buɗe bayan laftof za a ga wani bututun jan ƙarfe kwance, kansa ɗaya an ɗaure shi da kusoshi a kan furosesa. Tsakanin furosesan da ƙarfen akwai wani mai mai kauri, launin toka, wanda ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya tsallaka ba tare da iska ta tare shi ba. A cikin bututun akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe. Zafi yana mayar da shi tururi, tururin ya gudu zuwa ɗaya ƙarshen, ya huce ya koma ruwa, ya dawo. A wancan ƙarshen ne ake da jerin siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji, aikinsu ɗaya da lagireton mota. Fanka tana zuƙo iska, galibi ta hudojin ƙasa, ta hura ta tsakanin haƙoran, iskar ta ɗebi zafin ta fice ta gefe ko ta baya wajen maɗaurin allo.

Ke nan matsalar zafi ba ta wuce iri biyu ba: ko dai kwamfutar tana samar da zafin da ya fi ƙarfin wannan hanya, ko kuma hanyar ta toshe a wani wuri. Wanda ya riƙe wannan ba zai riƙa kashe kuɗi a makance ba.

Wane zafi ne ya wuce ƙa'ida?

Tafin hannu ba ma'auni ba ne. Laftof mai jikin alminiyum tana iya yin zafi a hannu alhali cikinta lafiya lau, domin da gangan aka yi jikin ya taya fitar da zafi. MacBook Air da Apple ya fara fitarwa da furosesan M1 a 2020 ma ba ta da fanka sam. A ɗaya ɓangaren, mai jikin roba tana iya zama da ɗan ɗumi a waje alhali furosesa na dahuwa a ciki.

Abin da ya dace shi ne a auna. Akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp da HWiNFO, waɗanda ke nuna zafin furosesa a ma'aunin salshiyos. A sauke su daga shafin masu su, ba daga kowane shafi da ya fito a bincike ba. Idan kwamfuta tana zaune ba ta aikin komai, digiri 40 zuwa 60 ba abin damuwa ba ne. Idan ana wasan eFootball ko GTA, ko ana fitar da bidiyo a CapCut ko Premiere Pro, hawa 80 zuwa 90 ba baƙon abu ba ne, musamman a siraran laftof. Iyakar da Intel ya sa wa yawancin furosesoshinsa na laftof tana wajen digiri 100, na AMD ma kusa da haka suke. Da zarar an kusanci wannan iyaka, furosesa da kansa yake rage gudu don ya huce. Shi ya sa wasa ke tafiya sumul a minti goma na farko sannan ya fara tsinkewa. Mutane da yawa a nan suke cewa kwamfuta ta tsufa ko RAM ya yi kaɗan, alhali kare kanta take yi. Idan rage gudun bai wadatar ba, sai ta kashe kanta gaba ɗaya.

Alamar ciwo ta gaskiya ita ce kwamfutar da ke kai 80 ba ta aikin komai, ko wadda ke tsalle zuwa 95 daga buɗe burauza, ko wadda ke mutuwa da kanta. Wannan kam a bincika.

Hunturu ya cika ta da ƙura, bazara ta same ta a haka

Akwai wata lamba da ba a cika dubawa ba a takardun laftof. Apple ya ce a yi amfani da laftof ɗinsa a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 da 35, kuma HP da Dell da Lenovo su ma galibi a 35 suke tsayawa. A watan Afrilu kuwa, Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura 40 da rana, ɗaki mai rufin kwano ba tare da wuta ba kuma ba sai an faɗa ba. Fanka ba firji ba ce, ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakin take ɗauka ta hura, don haka idan iskar da kanta mai zafi ce, abin da za ta iya kwashewa ya ragu. Laftof ɗin da ke aiki shiru a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ita ce dai za ta riƙa ihu a ɗakin kwanan ɗalibai da ƙarfe biyu na rana.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda lokutan shekara suka jeru. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗauke da ƙura mai laushi kamar hoda, fankar laftof kuma tana zuƙarta kullum. Ƙurar tana haɗuwa da zaren bargo da na tufafi ta taru a bakin haƙoran nan, tsakaninsu da fanka, har ta zama kamar audugar tsohuwar katifa. A lokacin sanyi ba a lura, domin iskar da ke samun wucewa mai sanyi ce. Sai Maris ya shigo, zafi ya sauka, kwamfutar ta shiga bazara da toshasshen hanci. Ba a fafe gora ranar tafiya: lokacin share ƙurar laftof a ƙasar Hausa shi ne ƙarshen Fabrairu, kafin ta fara kashe kanta.

A fara da abin da ba ya cin ko kwabo

Farko a duba inda take zaune. Katifa, filo, darduma, kafet, da cinyar da ke sanye da babbar riga duk suna lotsawa su rufe hudojin ƙasa. 'Yan ƙafafun roba da ke ƙarƙashinta ba ado ba ne, su ke ba ta ratar shan iska, kuma sai a kan abu mai tauri suke aiki. Tebur ya fi, in babu a sa faranti ko katako ko babban littafi mai bango mai ƙarfi. Ɗaga bayanta da murafun gora biyu, ko ɗora ta a kan kiret ɗin ƙwai, yakan kawo bambancin da za a gani a ma'auni nan take. Faifan sanyaya mai fanka da ake sayarwa yana taimakawa kaɗan ga laftof mai shaƙa ta ƙasa, amma rabin amfaninsa ɗagawar ce, kuma ba ya cire ƙurar da ke ciki. Bai kamata ya zama abin da za a fara saya ba.

Ɗora laftof mai zafi a cinya kullum ma yana da tasa illar ga fata: yana iya barin wani tabo mai duhu kamar raga, irin wanda ke fitowa a ƙafafun masu yawan jin ɗumi da kaskon wuta.

Na biyu, a gano abin da ke sa ta aiki. A Windows, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A latsa kan layin da aka rubuta CPU don abin da ya fi ci ya hau sama. A Mac, Activity Monitor ke wannan aikin. Sau da yawa Chrome ne da shafuka talatin a buɗe; a cikinsa, danna Shift da Esc zai nuna shafin da ya fi jan wuta. Wani lokaci Windows ne ke sabunta kansa ko manhajar tsaro ke bincike, wannan a ƙyale shi ya gama, zai lafa. A ɓangaren Startup kuma a hana manhajojin da ba a buƙata tashi tare da kwamfuta. Kuma manhajar tsaro biyu a kwamfuta ɗaya faɗa kawai suke da juna. Wadda ta zo da Windows ta wadatar da yawancin mutane.

Wanda ya fi muni shi ne abin da ba a gayyata ba. Manhajojin sata da ake turawa a filashi ko a sauke daga shafukan da ba a sani ba, wasanni ne ko Photoshop ko CorelDRAW, hanya ce da aka sani ta shigo da ɓoyayyun manhajojin haƙar kuɗin kirifto. Wani can yana tara kuɗi, mai laftof yana biya da batirinsa da man janaretansa. Alamar ita ce fanka na gudu alhali ba a buɗe komai ba. Wasu daga cikinsu ma suna da wayon laɓewa da zarar an buɗe Task Manager, don haka idan fanka ta yi shiru daidai lokacin da aka buɗe shi, ta dawo da kuka bayan an rufe, abin zargi ne. A shiga Windows Security a yi cikakken bincike, har da zaɓin Microsoft Defender Offline. In abin ya ƙi, a kwashe fayiloli a sake ɗora Windows.

Kallon bidiyo ma yana da nasa. YouTube na amfani da sababbin hanyoyin matse bidiyo irin su AV1, kuma furosesoshin Intel na laftof ba su samu sashe na musamman na warware shi ba sai daga zubi na 11, wanda ya fito a 2020. Tsohuwar laftof da ta gamu da irin wannan bidiyo da ƙarfin tuwo take buɗe shi. Sauko da shi zuwa 720p yana rage zafi, ya kuma rage cin data.

Akwai wata dabara ga wanda laftof ɗinsa siririya ce mai saurin hawa. Furosesa yana da halin zabura ya wuce gudunsa na asali idan ya ga aiki, abin da Intel ke kira Turbo Boost, kuma a nan ne zafi ya fi tashi. A Windows 11, a shiga Settings, System, Power & battery, a sauya Power mode daga Best performance zuwa Balanced. In bai isa ba, a shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, Processor power management, a mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. A kwamfutoci da yawa wannan kashi ɗaya kacal yana hana zaburar, zafi ya sauka sosai. Ba kyauta ba ne, ana rasa ɗan gudu, amma ga mai rubutu da bincike da Zoom ba zai ma lura ba. Wasu sababbin laftof suna ɓoye wannan zaɓin.

Idan ya kai ga buɗewa

Gwajin yana da sauƙi. Lokacin da fanka ke kuka, a kara hannu a inda iska ke fita. Idan iska mai zafi na fitowa da ƙarfi, hanya a buɗe take. Idan ga ƙara amma iskar ba ta taka kara ta karya ba, ƙura ce. Idan babu ƙara babu iska ga kuma zafi, fankar ta tsaya. Idan kuma tana ƙarar gurzawa ko kaskas, ƙarfen da take juyawa a kai ya cinye, sai sauyi. Yawancin laftof na HP sukan nuna saƙon 90B lokacin kunnawa idan fanka ba ta juyawa daidai, kuma danna Enter a wuce kullum ba magani ba ne.

Hura iska daga waje yana fitar da ƙura mara nauyi, amma wadda ta dunƙule sai dai ya tura ta cikin fanka. Gyara na gaskiya sai an cire murfin baya. A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a zare caja, a kwance kusoshi a jera su yadda aka ciro su domin tsayinsu ba ɗaya ba ne. Da an buɗe, abu na farko shi ne zare wayar batir daga bod. A taɓa wani ƙarfe kafin a taɓa cikin, musamman a hunturu da busasshiyar iska ke sa jiki tara lantarkin nan mai tartsatsi idan an taɓa ƙofar mota. Abin da mutum ya ji kamar tsinken allura ya isa ya lalata ƙaramin sashe a bod. Sannan a dafe fankar da yatsa, a share da busasshen buroshi mai laushi, a hura da bulowa daga ɗan nesa. Barin fanka ta yi ta wulwulawa da ƙarfin bulowa yana kashe ta. Iskar baki tana da danshi, ta injin mai faci kuma ta yi ƙarfi da yawa, wani lokaci har da ruwa take fitowa.

Wanda laftof ɗinsa ke da garanti, ya duba sharuɗɗan kafin ya kwance komai. Wanda kuma bai taɓa riƙe sukudireba a kan kayan lantarki ba, babu kunya a kai wa mai gyara. Sai dai ya tsaya a yi a gabansa, ya ga ƙurar da aka ciro da idonsa.

Sai batun man nan mai launin toka. A kasuwa da sunan da ke jikin bututunsa ake tambayarsa, thermal paste, kuma Arctic MX-4 na cikin sanannu. Bayan shekaru yana bushewa ya tsattsage kamar laka a rani. Wannan ya fi shafar masu sayen laftof ta hannu, 'yar Landan ko tokumbo, a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja. HP EliteBook 840 G3, alal misali, tun 2016 ta fito. Jikinta na iya yin ƙyalli kamar sabuwa, amma mai yiwuwa man da ke kan furosesanta shi ne wanda aka shafa a masana'anta. Alamarsa ita ce zafi ya yi tsalle zuwa 90 cikin daƙiƙoƙi da fara aiki, iskar da ke fita kuma ba ta da wani zafi, ma'ana zafin bai ma kai ga bututun ba. Ana cire bututun, a goge tsohon mai da sifirit mai ƙarfi irin na goge kayan lantarki, a bari ya bushe, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a mayar a ɗaure kusoshin bi da bi bisa lambobin da aka rubuta a gefensu. Yawan mai ba ya ƙara sanyi. A kula kada bututun ya lanƙwashe, domin in ya huje aikinsa ya ƙare. Man goge baki da wasu bidiyoyi ke nunawa kuwa bushewa yake cikin ɗan lokaci, ya bar kwamfutar a halin da ya fi na da.

Haka ma sa laftof mai zafi a firji ko ɗora mata ƙanƙara. Gorar lemo mai sanyi da aka fito da ita waje gumi take yi. Irin wannan gumin ne zai tsatso a kan bod.

Caja, batir da jaka

A jikin kowace caja an rubuta ƙarfinta: wat 45, 65, 90 ko sama, da bolt ɗinta, galibi 19.5 a HP da Dell, 20 a Lenovo. Don bakin caja ya shiga ba shi ke nuna ta dace ba. Wadda ƙarfinta bai kai ba takan yi zafi har ta gagari riƙewa, jabu kuma ba ta da kariyar kirki idan wutar NEPA ko ta ƙaramin janareta ta yi hawa da sauka. Caja ma a ajiye ta a ƙasa a sarari, ba cikin bargo ba.

Batirin laftof irin na waya ne, na litiyum, kuma abin da ya fi tsufar da shi shi ne zama cike dam a cikin zafi. A inda wuta ba ta tabbata, kowa na son cika shi ɗari bisa ɗari, wannan ba laifi ba ne. Amma wanda ke kan sola ko laftof ɗinsa kullum a jone take, ya duba Lenovo Vantage ko MyASUS ko Dell Power Manager, suna da zaɓin tsayar da caji kafin ya cika. Barin ta a mota a rufe cikin rana kuwa yana gasa batirin ko da a kashe take.

Akwai kuma mai rufe murfi ya jefa ta a jaka ya hau adaidaita sahu, ya isa ya tarar da ita kamar an fito da burodi daga tanda, caji ya ƙare. Sababbin laftof na Windows da yawa ba sa yin cikakken barci idan an rufe murfi. Suna iya farkawa su ci gaba da sabuntawa a cikin jakar da babu iska. Kafin tafiya a zaɓi Shut down ko Hibernate, a jira fitilu su mutu.

Batir shi ne wurin da zafi ke tashi daga damuwa ya zama haɗari. A 2006 Dell ya janye batura sama da miliyan 4 saboda fargabar gobara, a 2019 Apple ma ya janye na wasu MacBook Pro masu inci 15 saboda dalili irin wannan. Batirin da ya lalace yana kumbura, kuma tun da a yawancin laftof a ƙarƙashin wurin shafa yatsa yake kwance, a nan ake fara gani: wurin ya taso ko ya ƙi dannuwa, murfin baya ya buɗe baki, kwamfutar ta riƙa rawa a kan tebur. Da an ga haka a kashe ta, a zare caja, kada a danne kumburin, kada a huda shi da allura wai don iska ta fita. A ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da labule, a kai a cire batirin a ranar. Yawancin laftof suna iya aiki da caja kaɗai kafin a samu kuɗin sabo. Tsohon batirin kuma kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.